Rigar Leda ta 'Yan Dako

Shekarar da kwamitinmu na 'yan Arewa a kasuwar Onitsha ya ce dole kowane ɗan dako ya sa riga mai lamba, ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. An ce don a bambance namu da ɓarayi. Wanda aka ba aikin ya kawo wata riga ruwan goro, mai santsi kamar leda, rufe har wuya. Mu da muka amince da ita a shago muke wuni, ƙarƙashin fanka.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Duk wanda ya taso a Arewa ya san randa: tana tsattsafo, iska ta busar, ruwan ciki ya yi sanyi. Jikin mutum ma haka yake. Ba fitar gumi ke sanyaya shi ba, bushewarsa ce, iska ta kwashe shi ta tafi da zafin. To a Onitsha iskar kanta a jiƙe take, gumi da ƙyar yake bushewa ko a fatar da ke buɗe. Mu kuma muka zo muka lulluɓe fatar da leda.

Akwai wani magidanci daga ƙauyukan Zamfara da ke ɗaukar mini dilar atamfa. Ya same ni ya ce rigar tana dafa shi, gumi na taruwa a ciki yana gangarawa har wando, kansa na juyawa. Na ce masa doka ce, ya yi haƙuri. Ranar da ya cire ta, masu tsaron ƙofa suka hana shi shiga, ya wuni bai ɗauki ko ƙunshi ba. Washegari ya sake sa ta.

Bayan azahar ya faɗi da dila a ka. Na taɓa shi, jikinsa kamar garwashi. Muka yage rigar, muka yayyafa masa ruwa, muna yi masa fifita da kwali har ya buɗe ido.

A taron kwamiti na ce a soke rigar, ko a ɗinka ta auduga. Shugabanmu ya ce yunwa ce ta kayar da shi, in ba ragwanci ba.

"Alhaji," na ce, "sa rigar ka zagaya layin atamfa sau ɗaya, ba kaya a kanka."

Ya yi dariya, ya ce a wuce zuwa magana ta gaba.

Ɗan dakon bai sake iya sa rigar ba, kuma ba a bar shi ya shiga kasuwa babu ita ba. Ya tattara ya koma ƙauyensu, lokacin shuka ya riga ya wuce.