Yatsan Gunvor da Ya Zame

Shekara ashirin da biyu muna fere dankali tare da Gunvor Ekvall a kicin ɗin makarantar unguwarmu a garin Kumla, amma ban san ta taɓa riƙe jita ba sai bara. Ni kuwa Majken, kowa ya san ni da son jin ƙwaƙwaf. Na san wadda ke rina gashi tana cewa baiwa ce, na san wanda likita ya hana giya yake sha a gareji. Sai ga wadda bango ɗaya ya raba ɗakina da nata ta ɓoye mini abu har muka yi ritaya. Har yau ban gama yafe mata ba.

Gunvor doguwa ce, mai manyan hannuwa, ba ta da yawan magana. Mijinta Rune direban bas ne, ya rasu shekara shida ke nan. Ɗansu ɗaya yana can arewa, sai Kirsimeti ake ganinsa. A kicin, da an sa kiɗa mai ganguna a rediyo sai ta miƙa hannu ta kashe, na ɗauka ciwon kai gare ta. Kuma in tana jiran miya ta tafasa, yatsunta na hagu ba sa zama, sai tafiya suke yi a jikin ludayi, sama da ƙasa. Wannan ma na ɗauka tsufa ne.

Wata Talata muna shan kofi da burodin kirfa a ɗakinta, aka buga ƙofa. Saurayi ne da budurwa, ba su kai talatin ba, gashi har kafaɗa, wando mai faɗin ƙafa, riga mai tuntaye. Irin kayan da mijina ya sa shekarar da muka yi aure ke nan, waɗanda na kwashe na kai gwanjon coci don kunya. Saurayin ya ce sunansa Sixten, shi ne mawaƙin ƙungiyarsu ta kiɗan rok. Yarinyar kuma Tindra, ita ke kaɗa babbar jita, mai kaurin muryar nan. Ta rungume wani tsohon faifai kamar jariri.

"Inna, sannu da hutawa," in ji Sixten. "G. Lövdahl muke nema, wanda ya kaɗa babbar jita a faifan nan. An ce mana Lövdahl ne sunan gidanku. Yayanki ne? Yana raye?"

"Ba ni da yaya," in ji Gunvor.

Tindra ta dubi hannuwan Gunvor, ta sake duban faifan, sai ta zauna a kan takalmanmu a bakin ƙofa ba tare da an ce ta zauna ba.

Nan na ji labari. A shekarar 1975 wasu samari huɗu na garin nan da Gunvor, masu kiran kansu Dutsen Niƙa, sun buga faifai ɗaya tak, kwafi ɗari uku, rabi ya ruɓe a rumbun wani. Yanzu wai har daga Japan ake nemansa. Kuma abin da ake nema a ciki bai wuce ƙiftawar ido ba. A minti na uku na waƙar ƙarshe, jitar tana hawa, sai ta sulale ƙasa, ta makara kaɗan, sannan ta kamo sauran. Har suna aka sa masa, zamewar Lövdahl.

"Wata takwas ina koyonta," in ji Tindra. "Na rage gudun faifan, na saurara ya fi sau dubu. Ina yi, amma ba ta fita kamar taki. Don Allah ki zo ran Asabar ki nuna mini."

Suna fita na rufe ƙofa na sa baya. "To, munafuka, zauna. Yau sai kin amayar da shi duka."

Ta amayar. Lokacin tana da shekara ashirin da ɗaya, tana ɗinki a masana'antar takalma. Ana gobe za su ɗauki faifan, allurar keke ta huda mata manuniya, ta naɗe da filasta. Ɗakin ɗaukar murya na yini ɗaya suka kama, zaren naɗar muryar da ya rage kuma sau ɗaya kawai zai ɗauka. A daidai wurin da ta fi ji da shi, wurin da ita ta tsara da kanta, gumi ya kwance filastar, yatsan ya zame. Shugabansu Torvald ya zage ta tas a gaban kowa, ya ce dama an gaya masa kada ya sa mace. Sati na zagayowa suka ɗauki wani. Ta sayar da jitar ta sayi tukunyar gas.

"Kuskure ne, Majken. Babu wata gwaninta."

"To sai ki gaya musu mana."

Ta daɗe tana juya cokali a kofin da babu komai. "Kin ga yadda yarinyar nan ta kalle ni? Shekarata sittin da tara, ba wanda ya taɓa yi mini wannan kallon. Ko Rune, Allah ya ji ƙansa, in ya kalle ni abinci yake tambaya. In na faɗa, na koma tsohuwar kicin."

Ta ba ni tausayi ƙwarai. Amma ba zan ɓoye ba, ɗokin ganin abin da za ta yi ya fi tausayin yawa, shi ya sa ran Asabar na riga ta sa kwat.

A tsohon gidan sarrafa madara suke gwaji, da rana tsaka amma sun rufe tagogi da barguna. Komai na ɗakin ya girme su. Lasifikoki masu warin ƙura, na'urar ɗaukar murya mai zare, har fitila mai jan ƙyalle irin ta ɗakin uwata. Sixten ya ce kwamfuta ba ta shiga ɗakin nan, alhali da wayar aljihunsa ya gano gidan Gunvor. Suka yi mana waƙa biyu da suka ce nasu ne. Daɗi kam akwai, har ƙafata ta motsa. Sai dai a kowace, in an kai tsakiya, sai Tindra ta cije leɓe ta sulale da yatsa da gangan.

"Yaro," na ce wa Sixten, "ni ban san kiɗa ba, amma wannan ai na ji shi tun kafin a haifi uwarka."

Ya yi dariya. "Inna Majken, tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

"Kama da wane dai ba wane ba ne."

"Su 'yan Dutsen Niƙa ɗin ma kwaikwayo suka yi. Tambayi Inna Gunvor."

Gunvor ta ce gaskiyarsa. Torvald faifan Ingila yake sayowa, ya ɗora yatsa a kai don ya rage gudu, ya kwashe komai har tarin mawaƙin. Su kuma na Ingila daga Amurka suka kwaso. Na tsaya ina tunani, to wa ya fara? Ko shi ma na farkon wani ya leƙa? Ban sami amsa ba, don a lokacin Tindra ta cire jitarta ta rataya wa Gunvor. Irin wadda ta sayar ce sak, yarinyar sai da ta je har Jamus ta nemo.

Da farko abin ba kyan ji. Igiyoyin suna cizon yatsunta, ta tsaya, ta yarfe hannu, ta yi tsaki. Sai mai ganga ya ba da lokaci, suka shiga waƙar ƙarshe ta faifan a hankali. Na dubi hannunta na hagu. Tafiyar nan ce ta jikin ludayi, ita ce dai, ba ƙari ba ragi. Ashe duk shekarun nan a gabana take kaɗa ta ina tsammanin rawar tsufa ce.

Minti na uku ya zo. Duk suka zuba mata ido, Tindra har da matsowa. Gunvor ta hau, taki biyar, ɗaya bayan ɗaya, tsaf, ta dire a sama daidai lokacin da ganga ta sauka. Ba ta zame ba.

Sixten ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Inna, kin ɗan kuskure a nan," ya ce da ladabi. "Ba haka wurin yake ba. Ba komai, an daɗe ne. Tindra, nuna mata."

Ga ƙofa an buɗe mata. Da ta ce haka ne, hannu ya tsufa, da sun raka ta gida da girmanta, har su sa hotonta a bangon ɗakin. Amma sai ta ɗaga manuniyarta, ta nuna musu ɗan farin tabon da ke kai.

"Haka wurin yake. Ni na tsara shi, haka na so a ji. Wancan da kuke bi, filasta ce ta kwance."

Ta ba su labarin a taƙaice, har da zagin Torvald. Sixten ya sosa ƙeya ya ce ai ko kuskure ne shi ya fi daɗi, kuma sun riga sun sa shi a waƙa huɗu na sabon faifansu. Bai yi rashin kunya ba. Amma kallon girmamawar nan ya bar idonsa, ni na ga fitarsa, ita ma ta gani. Ya ce bari ya sha iska, mai ganga ya bi shi.

Tindra ce ta rage, tana kallon ƙasa. "Wata takwas ina koyon faɗuwarki," ta ce.

"Ni kuma shekara arba'in da takwas ina jin kunyarta. Wa ya fi wani asara?"

Yarinyar ta yi wata 'yar dariya mai kama da kuka. Ta ce a sake nuna mata na gaskiyar. Sau biyu kawai ta kalla, ta karɓi jitar ta kaɗa shi daidai, taki biyar ɗin nan har sama. Gunvor ta dafa bango. Ba ta taɓa jin abin nan daga waje ba, kullum a cikin kanta yake. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, ni ce ma na shiga laluben hankici a jaka.

Da ta dawo hayyacinta sai halin kicin ya motsa. "Ke kam komai aka yi sai ki ɗauke. Ba ki da naki ne?"

Tindra ta dubi yatsunta. "Ban sani ba, Inna. Ban taɓa dubawa ba."

"To gobe kya duba," in ji Gunvor. Ta ja kujera ta zauna, ta ajiye hannuwanta a cinya. "Yau dai sake kaɗa mini nawa."