Daktar Firesha

A unguwarmu ta Ƙofar Jatau har gobe Daktar Firesha ake ce mini, kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta ja mini. Ranar da na gama digirina na uku ta tambaye ni me na karanta. Ni kuma da iyayi na ce mata firesha da ayon, maimakon in ce matsi da ƙarfe. Shi ke nan! Kafin la'asar mata sun fara sallama da katin asibiti, wannan hawan jini, waccan ƙarancin jini.

Na yi bayani har bakina ya gaji. Ni ba likita ba ce, fizis na karanta. Aikina duba abin da ke samun ƙarfe da dangoginsa idan aka matse su matsi mai tsanani, irin na can ƙarƙashin ƙasa. Ko na'urar matsawar ban taɓa taɓawa ba, a kwamfuta nake komai, in an kawo wuta.

Baba kaɗai ya gane, don maƙeri ne. Wata rana a maƙera ya zaro ƙarfe jawur daga wuta, ya kara masa mayen ƙarfen da yake tsintar ƙusoshi da shi. Bai kama ba.

"Uwata, wannan kike nufi?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Kusan haka, Baba. Kai da zafi kake raba ƙarfe da maitarsa, mu da matsi. Wasu ma in maitar ta tafi, aka sanyaya su sosai, lantarki sai ya riƙa wucewa ta cikinsu ba abin da ke tare shi."

"In an sassauta matsin fa?"

"Sai ya koma yadda yake."

Ya yi dariya, ya ce ashe dai ƙira na je na karanto da kuɗinsa.

Bayan shekara biyu, wata safiya, ya faɗi a tsakar gida da buta a hannu. Bakinsa ya karkace. Gwaggo ta finciki mayafina tana kuka.

"Ke! Ga fireshar nan ta ka da ubanki, yi wani abu mana!"

Wallahi ko abin awon jini ban iya ɗaurawa ba. Na durƙusa ina kiran Baba, Baba, mata sun kewaye ni suna jiran Dakta ta fara aiki. Ban taɓa jin haushin karatuna kamar ranar ba. Keke napep ba ya shiga lungunmu, a tabarma maƙwabta suka ɗauke shi zuwa bakin titi.

A asibiti jinin ya sauka cikin kwanaki. Hannun dama dai, hannun guduma, yana nan kwance a kan cinyarsa. Likita ya ja ni gefe ya ce a ci gaba da gashin ƙashi da addu'a, amma kada mu sa rai da yawa.

Muka dawo gida. Ina ba shi koko a cokali, sai ya ɗaga hannun daman da na hagu, ya ɗora mini a tafi. Da ƙyar harshensa ya juya.

"Uwata, an ce matsin ya sauka."

"Ya sauka, Baba."

"To, yaushe zai koma yadda yake?"

Na riƙe hannun. Da nauyi, da ɗumi, ko yatsa ɗaya bai motsa ba. Na ce masa ya buɗe baki, kokon zai huce.