Yadda Sista Babba Ta Rufe Zauren Ungozoma

An haifi Sista Babba ranar tara ga Afrilu, 1958. Shekara talatin da huɗu ta yi tana karɓar haihuwa, har ya zamana rabin matasan unguwarsu a hannunta suka yi kukan farko. Da ta yi ritaya, ƙungiyar ungozoma ta damƙa mata zaurenta na waya, inda ma'aikata ke tattauna matsalolin aiki. Ita ke shigar da mutum, ita ke fitarwa.

A buɗe ta bar ƙofar. Ungozomomin karkara, waɗanda ba su da takardar shaida balle katin ƙungiya, suka yi ta shigowa. Wannan ta ce mabiyiya ta ƙi faɗowa, waccan ta ce jini ya ƙi tsayawa, nan take a gaya musu abin yi kafin a isa asibiti.

Wata rana wata ma'aikaciya ta sa hoton katin asibitin wata mai jego tana neman shawara, ta manta ba ta rufe sunan ba. Ashe maƙwabciyar matar na cikin baƙin zauren. Kafin yamma, ciwon da aka ɓoye ya zagaye unguwa. Ƙungiya ta zauna, ta yanke cewa zaure na masu katin ƙungiya ne kaɗai.

Sista Babba ba ta musa ba, domin ta san sirrin majinyaci amana ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ungozomomin karkarar nan, su sittin da uku: in an fitar da su, wa za su tambaya? Saboda haka ba ta cire kowa sai ta kira ta, ta yi mata bayani, ta haɗa ta da ma'aikaciya mafi kusa da ita, ta kuma tabbatar sun gaisa. Tana zaune a bakin teburin falo, tabarau a kan hanci, wuni guda mutum ɗaya ko biyu.

Shugabar ƙungiya ta gaji da jira, ta same ta har gida.

"Yaya, aikin minti biyar ne fa. Ko naƙudar fari ba ta kai wannan tsawo ba."

"Ke kin taɓa yanke cibiya ba ki ɗaure ba?" in ji Sista Babba.

Ta sallami arba'in da ɗaya, sannan ciwo ya kwantar da ita, bai kuwa tashe ta ba. Ranar da ta rasu, mata ashirin da biyu na nan cikin zauren. A takardar da ta jera sunayensu, a gefen sunan ta gaba, ta rubuta lambobin ma'aikata biyu, ba ta kai ga zaɓar ɗaya ba.