Abin da Auta ta rage wa Mama

Shekara ashirin da uku ta yi tana cin abincin mutane tana rubutawa a jarida, amma ba wanda ya riƙe sunanta. Mai Cokali ake ce mata, saboda da nata cokalin take yawo, naɗe cikin hankici. Wai na gidan abinci yana ɗauke da bakin wanda ya riga ta. A gida kuwa Auta ce, ko da furfura ta fara leƙo mata.

Kwaɗayi ne ya sama mata aikin. Da tana buga takardu ne a ofishin jaridar, kullum da rana sai ta bi kwanukan abokan aiki tana ɗanɗanawa, tana faɗin abin da matar kowa ta zuba da wanda ta manta. Da rigima ta yi yawa a gidajen ma'aikata, Edita ya miƙa mata shafi guda da tikitin jirgin ƙasa.

"Je ki ci na wasu," ya ce, "ki bar mana aurenmu lafiya."

Ta shiga duniya. Tashoshin mota, rumfunan bakin ruwa, ɗakunan cin abinci masu tebur uku da fanka mai kuka. Sauran marubuta yabo suke zubawa, ita ko loma uku take yi ta rufe ido, sannan ta rubuta komai: abin da aka fara sa wa tukunya, abin da ya biyo, da daɗewar da ya yi a wuta. Ba ta taɓa tambayar mai girki ba. Duk wanda ya bi shafinta a gidansa, abincin sai ya fito sak.

A shekara ta huɗu ta koma wajen wata mai miyar kifi da ta taɓa rubutawa. Rumfar na nan, matar na nan, miyar kuwa salam, kamar ruwan ɗauraye tukunya.

"Tun ranar da aka karanta mini shafinki," in ji matar, "in na tsaya gaban wuta sai hannuna ya tsaya. Ban san me nake yi ba, baiwar Allah."

Mai Cokali ta ce tsufa ne. Sai ta biya ta wajen wani mai gasa burodi, ta tarar yana sayar da ƙusoshi, ya ce kwaɓin ne ya ɓace masa rana ɗaya. Ta duba na uku, ta duba na huɗu. A nan ta gane cewa duk abin da ta sa a takarda barin hannun mai shi yake yi.

Duk wanda ya ce daga nan ta daina rubutun ya yi mata ƙarya. Komawa kawai ta daina yi, wai abin da ido bai gani ba. Masu girki ma suka gane ta: da sun ga mace tana warware hankici sai a ce abinci ya ƙare, ko a antaya wa nata gishiri da gangan.

Girki ɗaya ne ba ta taɓa kusanta da biro ba, miyar naman Mama. Ga Mama kuma ƙarfi na ƙarewa, likita ya fara magana ƙasa-ƙasa. Yayar Auta ta yi wata biyu tana tsayawa kusa da tukunya ko za ta koya, amma awon Mama bai wuce "ɗan kaɗan" da "har ya yi" ba. Ta haƙura.

Wata rana da hantsi Mama ta zuba miyar a kwano ta tura gabanta.

"Auta, rubuta."

"Mama, kin fa san abin da ke biyowa."

"Na sani, ba kurma ba ce ni. In na tafi da ita, wa zan dafa wa a can? Ci ki rubuta, kada ta huce."

Ta ci tana hawaye, tsoro ya cika ta. Ta rubuta albasar da ake soyawa har ta yi duhu, da naman da ake sa wa ruwa sau biyu, da komai. Sai ta yi dabara: ta tsallake busasshen ɓawon lemun tsami da Mama ke murtsukewa a ƙarshe. A ganinta rubutun da bai cika ba ba zai ɗauke komai ba. Ba ta kai jarida ba, ta ninke takardar ta sa a aljihun tebur.

Washegari da azahar ta ji ƙarar tafasa daga kicin, amma ba ƙamshi. Ta leƙa. Nama na kan faranti ba a taɓa ba, albasa ko ɓare ta ba a yi ba, Mama na tsaye tana kallonsu kamar baƙin da ta manta sunansu. A cikin tukunya ruwa ne zalla, ɓawon lemo yana juyi a samansa.

Mama ta waiwayo, ludayi a hannu, ta yi mata murmushi.

"Wannan dai na tuna shi," ta ce. "Auta, a cikin me nake zuba shi?"