Wani Mai Gyara a Layinmu

Shagon Injiniya taku shida ne a tsawo, huɗu a faɗi, kuma a ƙirgen da ya yi na ƙarshe akwai matattun talabijin arba'in da uku jere a kan katakai har rufi. Shekararsa talatin da ɗaya a kan benci ɗaya, da ƙarfen dalma ɗaya da ya sauya wa mariƙi sau biyar. 'Yan layin ne suka sa masa Injiniya. Takardar da za ta gaskata sunan kuwa bai taɓa karɓarta ba. Yana aji biyu a jami'a, yana karatun fiziks, mahaifinsu ya rasu ya bar shago da uwa da yara biyar. Shi ne babba. Ya ce zai riƙe shagon na zangon karatu ɗaya, kuma har yau zangon bai ƙare ba.

Littattafai bakwai ya dawo da su daga jami'a, kuma a ɗaya daga ciki ya tsinci abin da ya kama masa rai. Ka san yayyafin nan fari da baƙi da tsohuwar talabijin ke yi in ba ta kama tasha ba? Masu kawo gyara sun tsane shi, shi kuwa Injiniya sai ya ja kujera ya zauna kallo. Littafin ya ce kusan ɗigo ɗaya cikin ɗari na wannan yayyafin ba daga eriya mara kyau yake ba, saura ne na zafin fashewar da aka yi lokacin da duniya ta fara, duniya da taurarinta da duk sararin da suke ciki, shekara biliyan goma sha uku da ɗigo takwas da suka wuce.

"Kamar murhu ne," haka yake ce wa duk wanda ya tsaya. "An kashe wuta tuntuni, amma sa hannu a toka ka ji. Akwai ɗumi."

Tela, maƙwabcinsa na bangon hagu, ya ji wannan bayanin ya fi sau ɗari, kuma bai taɓa barinsa ya wuce lafiya ba.

"To, mai tokar duniya, kana wajen aka kunna wutar?"

"Kai kana wajen aka saƙa yadin da kake yanka?"

"Ni dai Allah ya yi duniyata, ba ruwana da fashewa."

"Wa ya ce ba shi ya yi ba? Sawun aikin nake nuna maka. Wasu masana biyu ma da suka fara jin ƙarar wannan yayyafin, ɗauka suka yi kashin tattabaru ne a eriyarsu. Suka hau suka kankare tas, ƙara tana nan. Ka ga ashe masu gyara ne irina."

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi masa dariya ba, wato Auta, ƙaninsu na ƙarshe, wanda yake shekara goma sha biyu lokacin rasuwar. Shi Injiniya ya koya wa littattafan bakwai, babi bayan babi, a kan wannan bencin. Shi ya raka shi jarrabawa uku, ya kai shi tasha ranar tafiya jami'a, ya tsaya masa shekara goma sha huɗu har ya gama digiri na uku. Auta ya ci gaba da hawa, zuwansa shago ya ci gaba da raguwa: daga kowane mako ya koma kowane wata, daga nan sai waya. Sana'ar ma ta bi sahu. Sababbin talabijin ba sa yayyafi, shuɗi kawai suke nunawa, kuma in sun lalace jefarwa ake yi. Daga gyara takwas a rana Injiniya ya dawo uku a mako.

Sai ga Auta wata ranar Talata da hantsi, karon farko cikin shekara huɗu, ya sunkuyo ya shigo yana kare rigarsa daga ƙura. An ba shi kujerar farfesa, zai yi laccar kama aiki a babban ɗakin taro, a kan asalin duniya.

"Yaya, tsohuwar talabijin ɗin nan mai yayyafi tana aiki?"

"Ta fi ni lafiya."

"A ara mini ita. Kai za ka kunna da hannunka. Ina so in gaya musu inda na fara."

Kwana tara Injiniya ya yi yana shiri. Ya buɗe bayan talabijin ɗin ya sauya ƙananan kayan ciki uku, ya sake dalma a wuri goma sha ɗaya, ya goge gilashi har yana ganin furfurarsa. Tela ya auna shi sau biyu don ɗinka masa sabuwar riga, yana mita cewa cikin ya ƙaru ilimin bai ƙaru ba. Matar Injiniya ce kaɗai ba ta ɗoki.

"Baban yara, ce maka ya yi zai ce kai yayansa ne?"

"Ya ce inda ya fara."

"Na ji. Tambayata daban ce."

Ita ta san abin da yake so, shi ma ya sani. Ba lambar yabo ba ce. Kalma ɗaya ce, a gaban mutane, daga bakin yaron.

Ɗakin taron kujera ɗari uku ne, ya ƙirga tun kafin a cika. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka fara. Matarsa aka kai ta layi na goma sha bakwai. Shi kuwa wata ma'aikaciya ta rataya masa kati a wuya, an rubuta mai kula da na'ura, ta zaunar da shi a kujerar roba a gefen dandamali, bayan teburin talabijin. Ya ce a ransa ai dole mai kunnawa ya zauna kusa.

Auta ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya jero ra'ayoyi uku. Akwai waɗanda suka ce duniya ba ta da farko, haka take tun fil'azal. Akwai waɗanda suka ce kumbura take ta motse, ta sake kumbura, ba iyaka. Akwai kuma masu cewa daga wuri matsatse mai tsananin zafi ta fara, tana ta buɗewa har yau, kuma su ne hujja ta fi goyon baya. Ya kawo murhu da toka. Ya kawo tattabaru, ɗakin ya kwashe da dariya daidai inda Tela yake yi. Injiniya yana bin maganar da leɓe, yana riga shi kaiwa ƙarshen kowace jimla.

A minti na talatin da takwas Auta ya ɗaga hannu bai waiwayo ba.

"A kunna mana."

Ya kunna. Yayyafin ya cika gilashi, ƙarar ta cika ɗakin, mutum ɗari uku suka yi tsit. Wannan ɗan lokacin, Injiniya bai taɓa jin daɗi irinsa ba.

"Wani mai gyara a layinmu ne ya fara nuna mini wannan ina yaro," in ji Auta. "Mutanen layi sun ɗauka ya ɗan taɓu. Gaskiya ni ma na ɗauka."

Aka yi dariya mai tsawo, wasu har da tafi. Injiniya ya ji kansa yana murmushi tare da su, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba. Ya jira. Ai ba a gama ba, akwai godiya a ƙarshe.

Mutum goma sha tara aka yi wa godiya. Shugaban jami'a, malamai shida, abokan bincike biyar, matarsa da 'ya'yansa uku, sakatariya, wani da ya gyara rubutu. Na goma sha tara shi ne marigayi mahaifinsu, "wanda ya tsaya a kan karatuna tun daga farko har ƙarshe." Mahaifin da aka binne yaron yana aji ɗaya na sakandare.

Da aka watse yana durƙushe yana zare waya daga soket, sai ga takalma huɗu masu sheƙi a gabansa. Auta ne da shugaban jami'a, dattijo mai fara'a, ya zo ganin talabijin ɗin kusa.

"Kai, rabona da irin wannan tun gidan kakata. Wannan ne mai gyaran da ka faɗa?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Injiniya ya miƙe. Ya ba ƙaninsa numfashi uku, yana ƙirgawa. Auta yana duban agogo. Matar Injiniya ta riga ta iso bakin dandamali, jakarta a ƙirji.

"Madalla," in ji shugaban, yana miƙa masa hannu. "Ashe kun san juna da daɗewa?"

"Na san mahaifiyarsa, ranka ya daɗe. Mutuniyar kirki ce. Ta haifi biyar."

"Allah sarki. To, a ci gaba da ƙoƙari."

Aka ja shugaban zuwa wajen ɗaukar hoto. Injiniya ya naɗe wayar a gwiwar hannu, ya miƙa wa matarsa eriyar, ya cire katin ya ajiye a kan kujerar roba. Auta ya matso, ya rage murya yadda su ukun kaɗai za su ji.

"Yaya, ka san yadda wuraren nan suke. Direba zai kai ku gida."

"Ashe ba ka manta kalmar ba," in ji matar. "Lasifikar ce ba ta ɗaukarta?"

"Yaya, don Allah ka ji."

Injiniya ya rungumi talabijin ɗin, kilo ashirin da biyu, ya ɗaga ta zuwa ƙirji. Matakala ashirin da shida ce tsakaninsa da titi.

"Farfesa, matsa," ya ce. "Tana da nauyi."