Kati Uku, Yaro Ɗaya

Shekarar da aka soma Shari'a, aka raba bencin mata da na maza a ƙaramin asibitinmu na wajen Zurmi, ita ce shekarar da aka cusa mu ɗakin ajiyar kati, ni da wata nas daga Ƙaura. Kowa za ta karanta tsofaffin katunan marasa lafiya ita kaɗai, ta ware waɗanda aka yi sakaci a ciki, a ga ko bakinmu zai zo ɗaya. Sharaɗin kuwa, abin da ke rubuce kawai. Taga ɗaya, warin kashin ɓera. Na tsani ɗakin nan.

Can na ci karo da kati uku, sunaye daban-daban, duk daga wata ruga ta bayan Moriki. Yaro ɗaya ne, na san shi sarai. Ɗan fari ne, uwarsa ko za a yanka ta ba za ta faɗi sunansa ba. In mai yankan kati ya tambaya sai ta sunkuyar da kai, ɗan rakiya ya faɗi laƙabin da ya zo bakinsa. A katin farko an rubuta cewa allurar fensilin ta kumbura masa fuska har numfashi ya nemi ɗaukewa. Sauran biyun fes, ba gargaɗi.

Na ware su. Abokiyar aikina ta wuce su, ban kuwa ga laifinta ba.

Da na nemi a haɗa katunan, babbar sistarmu ta ce, "Ke, takarda munka ce, ba abin da kinka sani ba. Ba a haɗa kati sai uwa ta hwaɗi suna da bakinta."

Rannan ina leƙen taga sai ga uwar a layi, yaron a kafaɗa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Na fita ko takalmi ban saka daidai ba.

Na ce, "Baiwar Allah, sunanai kaɗai nika so. Ransa na ciki."

Ta dube ni ta ce, "Malama, ke kina kiran naki?"

 Nawa ɗan farin har ya shiga firamare, ban taɓa kiran sunansa ba.

Aka yanka kati na huɗu, aka rubuta wa yaron fensilin. Na tsaya a kansa har aka canza magani, na rubuta gargaɗin da manyan baƙi, ina sane cewa na biyar zai zo fes. Damina ba ta ƙare ba aka mayar da ni asibitin Shinkafi.