Kafiretar Baba Saje

Litinin: Zariya zuwa Durumi

Tun kafin kiran assalatu na bar gidanmu a Zariya, da 'yar jaka a kafaɗa. Cikinta kaya kala biyu ne da wata fasasshiyar kafireta naɗe a tsohon ɗankwalin Inna. Kafiretar, wato abin da ke shayar da inji mai, ta mashin ɗin mahaifinmu ce, Baba Saje, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai saƙo daga bariki zuwa bariki. Da aka yi gwanjon tsofaffin kayan soja, ya sayi koren mashin ɗin da ya hau, ya kawo shi gida. Shekara da shekaru ke nan yana rumfar ƙofar gida bai tashi ba. Idon Baba ya tafi, amma kullum da safe sai ya lalubo tsumma ya goge shi.

Sai ga wayar salula ta shigo gari, kowa ya haukace. Yayana Habu ya ƙyalla ido ya ga rumfar ta dace da shagon kati da buga waya, har ya yi magana da 'yan gwangwan su zo su ɗora mashin a sikeli. Baba dai ya ci gaba da goge mashinsa, abin ya tsaya mini a rai. Muka yi ta cacar baki da Yaya, daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa in mashin ya tashi kafin ƙarshen wata, yana nan daram, in bai tashi ba a auna shi. Kanikawan Zariya da Kaduna duk bakinsu ɗaya: irin wannan kafireta sai Abuja, can ake zubar da kayan gwamnati.

Mun wuce Kaduna kaɗan muka tarar da shinge. Wani mai bindiga ya zura hannu a jakata, ya zaro kafiretar da yatsu biyu, ya ja da baya.

"Kai! Gurneti ne wannan?"

"Kafireta ce, yallaɓai. Ta mashin ɗin soja."

Ashe gara a ce gurnetin na amsa. Aka sauke ni, aka tambaye ni wa ya aiko ni, su wa muke shirin da su. Sai da direba ya zagaya bayan mota suka gaisa irin gaisuwar hanya, sannan aka gane ni ba mai juyin mulki ba ne. Da muka tashi direban ya harare ni ta madubi.

"Malam, farar hula ke mulki yanzu. Ka daina ambaton mutanen nan a motata."

Da azahar muka sauka Zuba, na canja mota zuwa Durumi, inda Sani ɗan kawuna ke sayar da caja da marfin waya. Ɗakinsa na kwano ne, yana laɓe bayan wasu dogayen gine-gine da ba a gama ba. Ya saya mini shinkafa da wake. Da na ji kuɗin faranti ɗaya, na cinye har ƙwayar da ta faɗi a tabarma.

Talata: kasuwar kayan gyara

Da hantsi Sani ya sa ni a motar Apo. Shagon farko mai shi ya karɓe ni hannu bibbiyu, har da lemon kwalba. Ya jujjuya kafiretar, ya jinjina kai kamar ya san kakanta.

"Oga, no wahala. Guda nawa? Ɗari biyu ko ɗari biyar?"

"Guda ɗaya."

"Wane ofis ya ba ka kwangila?"

Na ce ba kwangila ba ce, ta mahaifina ce. Ya janye lemon kafin in kai rabi. Maƙwabcinsa ya fi shi tausayi, ya ja ni gefe ya yi mini nasiha: in samo wani babba ya sa hannu a kan saplai, mu raba. Na ce ai kayan ma babu su. Ya dube ni kamar yau na faɗo duniya.

"Oga, a garin nan ba dole kaya ya zo ba. In dai an biya, kaya ya zo ke nan."

Haka na wuni ina zagaye, ƙafata ta yi fari fat. Wajen la'asar na zube a teburin wani mai shayi Bakatsine, na zazzage masa cikina. Ya ce a Bwari akwai wani tsohon soja mai mashin ɗin soja, har gobe yana aiki da shi, da idonsa ya gani. Don murna na sa aka ƙara mini ƙwai biyu.

Laraba: Bwari

Motar Bwari ta bi ta Dutse, hanyar duk hawa da gangara. Kusa da ni wani matashi ne cikin baƙar kwat, mai karatun zama lauya. Da ya ji labarina ya ce in maka Yaya a kotu, shi zai tsaya mini da zarar ya gama makaranta baɗi. Na yi masa godiya, na ce kafin baɗi an narkar da mashin ɗin an yi tukwane.

Tambaya biyu ta kai ni gidan tsohon, Baba Danjuma, ɗan gajere mai farin gashin baki. Da na ambaci mashin ya miƙe ƙirji a gaba, ya ja ni har ɗaki. Wani abu na lulluɓe da bargo a kusurwa. Na dai lura abin ya yi ƙanƙanta. Ya yaye bargon.

Keken ɗinki ne, an shafe shi da koren fenti.

"Ga mashin," in ji shi. "Kakin bataliya guda ita ya ɗinka. Ko allura ban canja ba."

Na zauna a bakin gadonsa ba tare da an ce in zauna ba. A Zariya in ka ce mashin, yaro ma ya san na hawa kake nufi. A nan duk abin da ke juyawa yana ƙara mashin ne. Tsohon ya ga idona ya kawo ruwa, ya ce kada in damu, matar marigayi Kofur Bulus tana Karshi, ita ma tana da mashin ɗin soja.

"Baba, na hawa ko na ɗinki?"

"Na markaɗe."

Na yi masa sallama kafin in faɗi abin da ba ladabi.

Alhamis: Karshi

Gaskiya niyyar gida na tashi da ita. Amma da na tuna zan shiga in tarar da Baba da tsummansa, sai na kasa. Na hau motar Nyanya da niyyar zuwa Karshi, muka maƙale a cunkoso, jiniyar manya na keta mu ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa muna gasuwa. Daga Karu zuwa Orozo ƙura muka sha muka ƙoshi.

Ban kai ga tambayar kowa ba a kasuwar Karshi. Daga bayan masu doya na ji wata ƙara mai kauri, dum dum dum. Da wannan ƙarar nake gane Baba ya dawo tun ina wasan ƙasa. Na bi ta da gudu. Ga injin mashin ɗin soja an ɗaure shi a kan katako da ƙusoshi, bel na jan markaɗen tattasai, mata sun yi layi da robobi. A gefensa kuwa ga kafireta, sak tamu, tana sheƙi da mai.

Mai injin, Mama Rahila, matar marigayi Kofur Bulus ɗin, doguwa ce mai damtse. Mijinta ma a gwanjo ya saya, jikin ya ruɓe bayan rasuwarsa, ta sa aka ciro injin. Na ce ta sayar mini da kafiretar, in haɗa mata da sabon inji ɗan China.

"Ɗana, na China wata uku ya mutu. Wannan ita ne ya kai yarana makaranta. Ba na sayarwa."

Na tsaya har layin ya ƙare, na ba ta labarin Baba da idonsa da sikelin 'yan gwangwan. Ta daɗe tana wanke hannu.

"Aro zan ba ka, kwana ɗaya. Amma ƙafata ƙafarta. Maza masu jaka a Abuja, in sun ce gobe, an gama."

Juma'a: gida

Muka iso Zariya ana saukowa daga masallaci, kafiretar na cikin jakar Mama Rahila, jakar na kan cinyarta. Bakanike ya ɗaura, ya zuba mai, ya hau buga kik yana gumi. Yaya na gefe yana latse-latsen wayarsa. Mashin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sai ya ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar da ƙamshin tattasai, rabin unguwa na atishawa.

Baba ya fito yana laluben bango. Bai bari an kama shi ba. Ya ɗaga ƙafa ya hau, ya kama kan mashin, ya murɗa wuta har ƙasa na rawa, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗan jima a haka, sannan ya kai hannu ya kashe shi.

"Ranar ƙarshe da na hau shi," in ji Baba, "a tsakiyar titi ya mutu mini, yara suka turo ni gida suna dariya. Abin da ke cina ke nan. Soja ba ya barin abin hawansa ya mutu masa. Shi ke kai shi gida ya kashe. Yau na kashe shi."

Ya tambayi ina baiwar Allahn da ta zo da kafireta, ta matso ta gaishe shi.

"Madam, naki yana aiki?"

"Kullum, Saje. Sai dai fistin ya fara gajiya."

"Habu," in ji Baba, "a kwance injin nan a sa mata a mota. Ka ɗauki rumfarka."

Na buɗe baki in yi magana, na tuna tafiyar kwana huɗu da ƙurar da na sha, sai na ga fuskar Baba, na rufe bakina. Ni da na fita nemo wa mashinmu kayan gyara, ni na ɗora injinsa a but ɗin motar Abuja da hannuna.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Sani da tabarmarsa, da Baba Danjuma da kekensa. Mama Rahila kuwa, Allah ya ƙara mata layin masu markaɗe.